Yadda Ake Sa Wa Keken Batir Ribas

'Yan'uwana mata, yau ba zancen girki ko saƙa na zo muku da shi ba. Zancen lantarki ne, kada kuwa wata ta ajiye jarida ta ce wannan aikin maza ne.

A unguwarmu nan Kazaure akwai wata yarinya da shan inna ya taɓa tun tana ƙarama. Wanta ya sa aka ɗaura wa kekenta mai ƙafa uku ɗan inji da batir, tana zuwa makaranta ba mai tura ta. Illarsa ɗaya, gaba kaɗai ya sani. Ran nan ta shiga wani lungu ta yi kiciɓis da amalanke, ta tsaya cik har aka sami masu jawo ta baya. Na ga kunya a fuskarta. Alhali abin da zai fisshe ta, makunni ne guda da guntayen waya.

Ga dalili. Motar fetur injinta gefe ɗaya yake juyawa, don haka sai da giya take yin ribas. Ƙaramin injin batir kuwa mai waya biyu ba haka yake ba. A cikinsa akwai mayen ƙarfe, da wani nadi na wayar jan ƙarfe a tsakiya. In wuta ta bi wayar, sai nadin ya zama mayen ƙarfe shi ma, ya riƙa turereniya da na gefe, yana juyawa. Tun 1821 wani Bature a Ingila, Michael Faraday, ya nuna wuta tana iya sa waya ta kewaya mayen ƙarfe. To, batir baki biyu gare shi, mai alamar tarawa da mai alamar ɗebewa. In aka musanya wayoyin nan biyu, wuta ta sake hanya, inji ma sai ya juya baya.

Gani ya kori ji. Na kawo wa 'yan ajina inji daga tsohuwar rediyo mai kaset da batirin tocila biyu, muka liƙa masa ɗan tsumma a baki. Wata yarinya ta musanya wayoyin, tsumma ya juya hagu bayan dama yake yi, aji ya kaure da sowa. Ku 'yan makaranta ku gwada a gida, wutar batirin tocila ba ta cutarwa. Amma kada ku kusanci wutar bango, wannan kisa take yi.

Ba ya yiwuwa mai keke ta sauka ta kwance waya duk sa'ad da za ta koma baya. Sabo da haka ake sa makunni mai ƙafa shida, uku a dama uku a hagu. Wayoyin da ke kawo wuta a ɗaura su a ƙafafu biyu na tsakiya. Wayoyin inji a ɗaura su a biyu na sama. Sa'an nan a ɗauki guntayen waya biyu a gicciya su, watau ta sama dama ta tafi ƙasa hagu, ta sama hagu ta tafi ƙasa dama. An danna nan, gaba. An danna can, baya. Wanda ya fi kyau shi ne mai matsaya a tsakiya, inda wuta ke yankewa.

Sai dai a kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, kada a danna ribas keke yana tafiya. Wuta mai yawa za ta kwararo ta ƙona makunni, mai keke kuma ta wuntsila. Na biyu, a sa fis kusa da batir, a nemi makunni mai ƙarfin ɗaukar wutar injin, ba na fitila ba. Na uku, in keken yana da akwatin nan mai rage gudu da ƙarawa, makunni tsakanin akwati da inji zai zauna. In aka juya wa akwatin bakin batir, ya ƙone ke nan. Na huɗu, a duba sarƙa. In haƙorin baya irin na basukur ne, mai sakin feda in an juya ta baya, inji zai yi ta juyi a banza, sai an sake haƙori.

Har wa yau, baburan lantarki da ake shigo da su, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023, galibinsu injinsu mai manyan wayoyi uku ne. Waɗannan dabarar nan ba ta yi musu, akwatinsu ne ke ba da ribas. A kai wa gwani.

Ilmin nan ba nisa gare shi ba. Jelani Aliyu, wanda ya zana surar motar lantarki Chevrolet Volt a Amurka, ɗan Sakkwato ne. Nan garinmu ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ana koyar da aikin lantarki, ba a kuwa ce ban da mata ba. Iyaye na Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, in kun ga 'yarku tana buɗe matacciyar tocila, kada ku kwaɓe ta.

Yarinyar nan kuwa an sa mata makunninta. Jiya na hange ta ta fito daga lungun da baya, ita kaɗai, tana waige tana dariya.

Allah ya ƙara mana sani mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.