Duniyoyin da Gari Ba Ya Wayewa

A sararin samaniya akwai duniyoyin da ba su da ranar da suke kewayawa. Wasunsu sun samu ne a gefen tauraro, sai ƙarfin jan wata babbar duniya ya wurga su waje, suka shiga gararamba cikin duhu. A 2013 na'urar hangen nesa ta Pan-STARRS da ke Hawai ta gano ɗaya, a nisan da haske ke shafe kimanin shekara 80 kafin ya ratsa.

Tun kafin masana su hango su, marubutan ƙagaggun labaran kimiyya sun riga sun zaunar da mutane a cikinsu. A 1951 Ba'amurke Fritz Leiber ya fitar da gajeren labarinsa "A Pail of Air". A ciki, wani baƙin tauraro ya fizge duniyarmu daga rana, sanyi ya tsananta har iska ta daskare ta zuba ƙasa. Iyali guda sun rage a wani ɗaki da suka kewaye da barguna. Kullum yaron gidan yakan ɗauki bokiti ya fita ya ɗebo daskararriyar iskar shaƙa, a ajiye kusa da wuta ta narke, sannan a samu abin numfashi. Gadin wutar kuwa karɓa-karɓa ake yi, domin ranar da ta mutu kowa ya mutu.

George R. R. Martin ya bi wata hanya a littafinsa "Dying of the Light" na 1977. Duniyarsa, Worlorn, ta ratsa kusa da wasu taurari, aka gina birane aka yi shagali, da ta fara komawa duhu sai aka watse aka bar kufai.

Abin da ke jan marubuta shi ne tambaya guda: idan babu rana, ina za a samu ɗumi? Kimiyya ta ba su amsa. A 1999 David Stevenson na jami'ar Caltech ya nuna cewa duniya mai kaurin iskar haidurojin za ta iya riƙe zafin da ke tasowa daga cikinta, har ruwa ya ƙi daskarewa. Saboda haka marubuci na da damar kafa gari a bakin dutse mai aman wuta ko a ƙarƙashin ƙasa. A irin wannan gari babu damina balle kaka, agogo kaɗai ke raba lokacin aiki da na barci, kuma duk wanda ya mallaki tushen zafi shi ke da mulki.