Nazarin Kuɗi da Banki a Jami'a: Abin Lura daga Boɗinga da Shagari

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda ake koyar da ilmin kuɗi da banki da kasuwannin hada-hadar kuɗi a jami'o'inmu, tare da auna shi da halin da ɗalibi ya baro a gida. Mun ɗauki Boɗinga da Shagari, garuruwa biyu da ke kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, su zama ma'auninmu.

Ɗalibin da ya fito daga wannan yanki ya shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, zai fara ne da ayyukan kuɗi guda uku, watau abin musaya, da ma'aunin daraja, da ma'ajiyar dukiya. Daga nan sai a kai shi ga Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1959, da yadda yake ɗaga kuɗin ruwa don rage hauhawar farashi, sa'an nan kasuwar hannun jari ta Legas. Duk wannan ilmi ne ingantacce. Sai dai an gina shi bisa zaton cewa dukiyar jama'a a banki take kwana, alhali kuwa ta manomin Shagari tana rumbu da turke da hannun uwar adashi.

Ga ra'ayinmu, tarihin wurin shi ya fi cancanta a buɗe darasi da shi. Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, kusa da Boɗinga, kafin ya koma Sakkwato a 1815, wuri shi ne kuɗin ƙasa. Kalmar "kuɗi" ma kanta jam'in "wuri" ce. Turawa suka zo da fam da sule. A ranar 1 ga Janairu 1973 aka fito da naira, naira biyu a fam guda, kuma Kwamishinan Kuɗi na Tarayya a lokacin ɗan wannan yanki ne, Alhaji Shehu Shagari, wanda ya riƙe muƙamin daga 1971 zuwa 1975. Abin sha'awa, harshe bai bi doka nan take ba: har yanzu akan ce da naira ɗari biyu "jaka", domin fam ɗari ke cika jaka guda a da. Ashe ke nan mutum na iya biya da kuɗi iri ɗaya, yana lissafi da wani. Littafin aji yakan faɗi wannan a layi biyu, amma dattijon kara ya fi shi iya bayaninsa.

Hukuma ta sha ƙoƙarin kai banki karkara. An yi shirin tilasta wa bankuna buɗe rassa a ƙauyuka a 1977, aka kawo bankunan al'umma a 1990. Ba rashin gini kaɗai ya hana mutane zuwa ba. Da yawa riba suke gudu, abin da ya sa buɗe bankin Jaiz a 2012 ya zama babban batu a Arewa. Wajibi ne a ba muamalar da ba ta da ruwa, irin su murabaha da ƙiradi, gurbinta a manhaja, a kuma koyar da ita da lissafi kamar sauran darussa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne bayan Babban Banki ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a Oktoba 2022. A farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Wanda ke da asusu da waya ya sha wuya, balle mai sayar da akuya wanda bai taɓa shiga banki ba. Aka wayi gari ana sayen naira da naira, takardar hannu ta fi wadda ke cikin asusu daraja, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Maris 2023 cewa tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Muna ba da shawara a riƙa tura ɗaliban shekarar ƙarshe kasuwannin Boɗinga da Shagari, su tambayi dillalai da masu awo yadda aka yi ciniki da bashi a waɗannan makonni, da kuma wanda aka yarda a ba shi kaya ba tare da ya biya ba.