Ganga Uku Ta Ruwa, Ganga Ɗaya Ta Mai

Wanda bai taɓa zuwa filin haƙar mai ba yakan ɗauka baƙin mai zalla ne ke fitowa daga rijiya. A yawancin tsofaffin rijiyoyi, ruwa ne ya fi yawa. A shekarar 2000, mujallar kamfanin Schlumberger ta ƙiyasta cewa kamfanonin mai na duniya suna fitar da ganga uku ta ruwa a kan kowace ganga ɗaya ta ɗanyen mai, kuma ɗawainiyar wannan ruwa tana cin sama da dala biliyan 40 a shekara. A Amurka, inda rijiyoyi suka fi tsufa, cibiyar bincike ta Argonne ta ƙiyasta ganga kusan biliyan 21 ta irin wannan ruwa a 2007 kaɗai. Rijiya na ƙara shekaru, kason ruwanta na ƙaruwa, har ta kai inda kuɗin man da take bayarwa ba ya biyan wahalar ruwan. A nan ake rufe ta, sau da yawa da sauran mai mai yawa kwance a ƙasa.

Ba dukan ruwan ne abokin gaba ba. Mai yana zaune ne cikin ƙananan ƙofofin dutse, iskar gas a samansa, ruwan gishiri a ƙarƙashinsa. Wannan ruwa shi ke ingiza man zuwa bakin rijiya. Inda ƙarfinsa ya gaza, injiniyoyi kan ɗura wani da kansu, kamar yadda Saudiyya ke tura tataccen ruwan teku cikin filin Gawar. Ruwan da ya zo yana koro mai a gabansa ya biya kuɗin hanyarsa. Wanda ake yaƙi da shi shi ne ruwan da ya sami gajeriyar hanya ya shigo shi kaɗai, ya bar man a baya.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza, kowace shigowa da dalilinta. Mafi sauƙi shi ne tsatsa ta huda bututun ƙarfen rijiya, ko simintin da aka zuba a bayansa bai kama da kyau ba, ruwa ya biyo ta nan. Mafi wuyar sha'ani yana cikin dutsen kansa. A zuba man gyaɗa a kan ruwa cikin kwano, a sa siririn bututu a zuƙa. In an bi a hankali, mai ne zai zo. In aka yi gaggawa, sai a ga ruwan ƙasa ya taso da tsini kamar malfa ya kama bakin bututun. Haka yake faruwa a rijiyar da aka matsa wa lamba, kuma da zarar tsinin ya iso, mayar da shi ƙasa aiki ne ja. Akwai kuma inda wani shimfiɗin dutse ya fi saura laushi, ko tsaga ta ratsa shi, ruwa ya mai da wurin hanyarsa, domin ya fi mai saurin gudu, musamman inda man yake da kauri.

A ganina, a nan asara mafi girma take: yin magani kafin a gano cutar. Tun 1995 wani injiniya, K. S. Chan, ya nuna cewa idan aka bi tarihin yawan ruwa da mai na rijiya a kan jadawali, yanayin hawansa yakan bambanta ruwan da ya taso daga ƙasa da wanda ya biyo tsaga. Ana kuma zura na'urori su auna zafi da gudun abin da ke shigowa a kowane zurfi. Wannan bincike yana da araha idan aka kwatanta da tsayar da rijiya a yi mata gyaran da bai dace ba. Hujin bututu, faci ko matsa siminti ya ishe shi. Tsagar dutse kuwa sai an tura mata sinadarin folima, wanda ke shiga da yauƙi kamar miyar kuɓewa, sannan ya daskare a ciki kamar talge ya zama tuwo. Amma wannan sinadari bai san mai ba, bai san ruwa ba. In ya ɓace hanya ya shiga shimfiɗin mai, rijiyar ce gaba ɗaya za ta yi shiru. Tsinin ruwan da ya taso daga ƙasa kuwa, toshiya ba ta cika riƙe shi ba, yakan zagaye ta ya dawo.

Shi ya sa hankalin masu sana'ar ya karkata ga tsarin rijiya tun ranar haƙa. A filin Troll da ke tekun Norwe, kaurin man a wasu sassa bai kai mita 15 ba, gas a sama, ruwa a ƙasa. Sai aka haƙa rijiyoyin da ke tafiya a kwance cikin wannan siririn shimfiɗi, aka jera musu ƙananan ƙofofi masu daidaita zuƙa, don kada wani gefe ya fi wani ja. Na baya-bayan nan har sukan matse da kansu in abin da ke wucewa ba mai ba ne. Ƙasar Sin ta bi wata hanya a filin Daqing: tun 1996 take kaurara ruwan da take ɗurawa da folima, don ya daina tsere wa man.

Ruwan da ya kuɓuce ya fito kuma sai an san inda za a kai shi, ga gishiri, ga ragowar mai. Jihar Oklahoma ta Amurka ta yi shekaru tana mayar da shi cikin ƙasa mai zurfi, sai girgizar ƙasa ta yawaita: kusan 900 masu ƙarfin maki 3 zuwa sama a 2015, sannan ta garin Pawnee mai maki 5.8 a Satumbar 2016. Dole hukuma ta sa aka rage ɗurawar. Oman kuwa, a filin Nimr, ta shuka gonakin ciyawar fadama a tsakiyar hamada, ruwan yana ratsa su yana tacewa.

Yankin Neja Delta yana cikin wannan lissafi tsundum. An fara fitar da mai daga Oloibiri a 1958, filaye da dama sun haura shekara hamsin, kuma dutsen yashin yankin yana da ruwa mai ƙarfi a ƙarƙashinsa. Yawancin waɗannan tsofaffin filayen kan tudu sun koma hannun kamfanonin cikin gida bayan manyan kamfanonin waje sun sayar da kasonsu. Sabon mai shi, ga bashin banki a wuyansa, zai so ya buɗe famfo iya buɗewa, wato daidai abin da ke tayar da tsinin ruwa. Ya kamata hukumar kula da haƙar mai ta Najeriya, NUPRC, ta riƙa bin kason ruwan kowace rijiya wata-wata da irin idon da take bin gangunan mai, domin ruwan da aka kasa tsarewa a ƙasa, a kusa da ƙoramun da masunta ke jefa taru yake fitowa.