Tun Ran Gini Tun Ran Zane: Inda Kuɗin Ginin Gida Ke Zurarewa a Sakkwato

Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin gefen birnin Sakkwato, ko ta wajen Arkilla da Kalambaina ko ta Tamaje da Dambuwa, zai ga gine-ginen da suka tashi har linta suka tsaya cak. Rodi ya yi tsatsa a kan ginshiƙi, tumfafiya ta tsiro a tsakiyar falo, awaki na shan inuwa a ɗakin da aka yanka wa uwargida. Masu waɗannan kangaye galibi ma'aikata ne da ƙananan 'yan kasuwa da suka shekara suna tari. An ce musu kuɗi kaza za su isa, suka amince, kuɗin suka ƙare kwano bai hau ba.

Ka tambayi mai gini, zai ce magini ya cuce shi. Ka tambayi magini, zai ce Alhaji ne ya yi ta canza magana. Macuta akwai su, babu musu. Amma mafi yawan kuɗin da ake cewa sun ɓuya, kuɗi ne da ba wanda ya zauna ya lissafa tun farko, kuma ba a rubuta wanda zai biya su ba.

A fara da siminti. Sakkwato na da gatan da garuruwa da yawa ba su da shi, domin tun 1962 aka kafa Kamfanin Siminti na Arewacin Najeriya, ya fara aiki a Kalambaina a 1967, yau kuma yana hannun kamfanin BUA. Amma kusanci da kamfani bai kare kowa daga kasuwa ba. A watan Oktoban 2023 BUA ya sanar da cewa buhu zai koma naira 3,500 a ƙofar kamfani, sai ga shi a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama na ƙasar nan. Tsakanin ƙofar kamfani da filinka akwai dila, akwai kuɗin mota, akwai masu lodi da masu saukewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 naira kuma ta faɗi, kowane ɗayansu ya ƙara farashi. Don haka ƙiyasin gini yana da wa'adi kamar magani, wanda aka yi bara ba ya aiki bana. Rodi da kwano ana iya saye a ajiye a rufe, amma siminti in ya yi watanni, musamman da damina, sai ya dunƙule ya rasa ƙarfi. Gara a buga shi bulo a jera.

Kafin bulon farko ma akwai kuɗin fili da ba sa cikin cinikin fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, saboda haka takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu mataki ne na farko kawai. Akwai la'adar dillali, kuɗin safiyo, neman takardar shaidar mallaka, da amincewar zane daga hukumar tsara birane ta jiha. Wanda ya tsallake waɗannan don tsimi, ranar da aka shafa wa katangarsa jan fenti saboda ta ci hanya, zai biya kuɗin gini sau biyu.

Sai ƙasar kanta. Birnin yana kan tudu ne kusa da mahaɗar kogin Rima da kogin Sakkwato, kuma yayin da gari ke faɗaɗa, filaye na gangarawa zuwa kwari da bakin fadama. Ba a manta ambaliyar 2010 ba, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma mutanen Mabera sun san abin da ruwan sama ke yi in ya rasa magudana. Filin da ka gani a bushe a watan Maris, ka koma ka dube shi a Agusta. In kwari ne, ciko kaɗai zai ci tifa bayan tifa ta jar ƙasa. In laka ce, sai an zurfafa harsashi an ƙara rodi, domin laka na kumbura da damina ta tsuke da rani, ta tsaga bango. Magini da ya yanka maka kuɗin harsashi bai taka filin ba, canka kawai ya yi.

Ruwa ma kuɗi ne, kuma shi ake yawan mancewa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan wuce digiri 40. Kankare ba bushewa yake buƙata ba, danshi yake so don simintin ya kama. Yana son ban-ruwa na aƙalla kwana bakwai, kuma sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfin da aka auna shi da shi. A irin wannan zafi, bulo ko kankaren da ba a shayar ba sai ya yi ta marmashewa. Wa zai biya tanka ko 'yan garuwa? Wa zai riƙa zuwa safe da yamma yana zuba ruwan? In ba a faɗa ba, ba wanda zai yi.

Daga nan sai babbar tambaya: jinga ko yini? A aikin yini kana biyan birkila da leburori kowace rana, aiki kan yi kyau amma yana iya jan ƙafa. A jinga an yanke kuɗi gaba ɗaya, aiki na sauri, sai dai saurin kan zo da ha'inci in babu mai sa ido. Haɗari mafi girma shi ne jingar da ta haɗa aiki da kaya a dunƙule, aka kuma ba wanda ya fi kowa sauƙin farashi. Wanda ya karya farashi don ya samu aiki, a cikin kaya zai fanshe. Zai ƙara yawan bulon da ake bugawa da buhu guda, ya sa rodin da bai cika kauri ba a inda zane ya ce milimita 12 ko 16, ya kawo yashi mai ƙasa, ya sa katakon da ba a shafa wa maganin gara ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ka je wurin masu bulo da ƙafarka, ka ɗaga bulo ka sake shi ƙasa ka gani. Ka karɓi rasit na kowane kaya, kuma ka tambayi farashi a shago biyu ko uku, domin kamashon da mai shago ke ba wanda ya kawo ciniki daga aljihunka yake fita.

Mutane da yawa na ɗauka in an yi rufi an gama. Alhali a nan ne kashe kuɗi ke sabon tashi: filasta, silin, tayil, ƙofofi da tagogi, wayarin, aikin famfo, sokawe, katanga da get, tankin ruwa, jawo wuta da mita daga kamfanin Kaduna Electric, da albashin mai gadi tsawon watannin aiki. A nan ne ake yawan jin, “Alhaji, ai wannan ba ya cikin jingarmu.” Sau da yawa kuma gaskiya maginin ya faɗa.

Maganin duk wannan takarda ce. Kafin a haƙa rami, a samu zane cikakke, a ba ƙwararren mai ƙididdigar gini ya fitar da jerin kaya da adadinsu. In bene ne, dole injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ya tsara rodi da ginshiƙai. Sannan a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: me jinga ta ƙunsa, me ba ta ƙunsa ba, wa ke sayen kaya, wa ke kawo ruwa, me za a yi in farashi ya tashi. A biya mataki-mataki, harsashi, linta, rufi, shafe, kowanne bayan an duba. A riƙe wani ɗan kaso sai damina ta gwada rufin. A ware aƙalla kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Duk canjin da maigida ya kawo, ko taga guda ce, a yanke kuɗinsa a rubuta kafin a taɓa guduma.

Wasu na jin nauyin rubutu, musamman in maginin ɗan'uwa ne ko maƙwabci, sai a rabu a kan “ba za mu ɓata ba.” To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma malaman fiƙihu sun hana cinikin da ba a san iyakarsa ba. A garin Shehu da Bello wannan ba baƙon ilimi ba ne. Takardar nan tana kare magini kamar yadda take kare maigida, domin birkilan da ya yini a rana yana da haƙƙin a biya shi a kan lokaci, ba sai ya yi ta sintiri a ƙofar gida ba. Ran da aka tare, mai gida da maginin da suka rubuta tun farko za su iya zama a tabarma ɗaya su ci tuwon walima, babu mai kawar da kai daga ɗan'uwansa.