Inda Shafin Ɗan Kasuwa Zai Sauka a Intanet

Duk wanda ya san ƙasar Gumel, tun daga Sule Tankarkar da Danzomo har zuwa Gagarawa, ya san cewa riɗi da zoɓon da ake nomawa a wannan jigawa ba a nan suke ƙarewa ba, gama da zarar kaka ta yi, an ɗinke buhuna an kai Maigatari ranar Alhamis, sai su kama hanyar Kano, daga can su gangara Ikko inda ake loda su a jirgin ruwa, riɗin ya nufi Japan da Turkiyya da Sin, zoɓon kuwa galibinsa ya nufi Meksiko, inda mutanen ƙasar ke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Shekara da shekaru mafi tsokar ribar wannan doguwar tafiya tana tsayawa ne a hannun waɗanda ke kusa da bakin teku, domin su mai saye na ƙetare ya sani, su kuma yake samu idan ya nema. A 'yan shekarun nan samarinmu masu ilmin zamani sun tashi haiƙan su gyara wannan al'amari, suna yi wa kamfani rajista, suna karɓar takardar izinin fitar da kaya, sa'an nan su buɗe shafi a intanet mai ɗauke da sunan kamfanin da hotunan hajarsa. Niyya ce kyakkyawa, sai dai akwai wata mas'ala a cikinta wadda aka saba bar wa yaron da ya zana shafin, alhali kuwa ita ce ta fi cancantar mai dukiya ya zauna ya fahimce ta da kansa, wato inda shafin zai sauka, da wanda zai riƙe shi.

Shafin intanet ba a iska yake rataye ba. Rubutu ne da hotuna da aka ajiye a cikin wata babbar kwamfuta da ake kira saba, wadda ba a kashe ta dare da rana, domin mai nema daga Tokiyo ba ya tambayar ko an kawo wuta a Gumel kafin ya latsa adireshi. Saboda haka ake tara irin waɗannan na'urori a wasu gine-gine na musamman masu janareto da na'urar sanyaya ɗaki da masu gadi, irin su Rack Centre da ke Ikeja, da cibiyar MainOne da ke Lekki wadda kamfanin Equinix na Amurka ya saye a 2022, da ta Galaxy Backbone ta Gwamnatin Tarayya a Abuja. Jihar Jigawa ba baƙuwa ba ce ga wannan fanni, tunda tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse. Abin da ɗan kasuwa ke yi, a taƙaice, ijara ce: yana hayar wuri a cikin ɗaya daga cikin waɗannan na'urori zuwa wani ajali, kamar yadda baƙon falke ke sauka wurin fatomansa a Maigatari, ya ba shi amanar kayansa, ya dogara gare shi wajen haɗuwa da masu saye.

Masauki mafi araha shi ne na haɗaka, inda ake zuba ɗaruruwan shafuka na mutane daban-daban a cikin saba guda, kowa da ɗan rabonsa, kamfanin masaukin kuma shi ke ɗauke da nauyin gyara da tsaro da sabunta manhaja. Mai haya ba ya bukatar sanin kome daga ilmin injiniya. Da 'yan latse-latse zai kafa manhajar WordPress, ya buɗe adireshin imel mai ɗauke da sunan kamfaninsa, wanda shi kaɗai ma yana ƙara wa wasiƙarsa kwarjini a idon baƙo fiye da adireshin kyauta. Aibinsa shi ne aibin kowace tarayya, domin idan wani maƙwabci a cikin sabar ya jawo cunkoson baƙi, ko ya shiga aika wasiƙun banza har aka sa adireshin na'urar cikin jerin waɗanda ake tuhuma, to, shafin wanda bai ji ba bai gani ba shi ma zai yi nauyi, wasiƙunsa kuma su riƙa faɗawa kwandon shara. Haka nan kalmar nan ta «ba iyaka» da wasu kamfanoni ke rubutawa a tallarsu tana da iyaka, tana nan cikin sharuɗɗan da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe. Duk da haka, ra'ayina a nan ba shi da shakka: mai riɗi ko zoɓo, ko mai ɗinki, ko mai makarantar Islamiyya, wanda shafinsa bai wuce bayanin kansa da hotuna da lambar waya ba, wannan masauki ya ishe shi har ya yi saura, kuma duk wanda ya ce masa ya hau sama da haka tun ranar farko, to, lalle ya nemi hujja.

Daraja ta biyu ita ce wadda kamfanoni ke rubuta wa VPS, inda ake yanka saba guda gida-gida da katanga ta manhaja, kowane mai haya ya sami ƙayyadadden ƙarfi wanda maƙwabci ba ya iya taɓawa, ya kuma sami ikon kafa abin da ya ga dama. Wannan ya dace da wanda shafinsa ya zama kanti na haƙiƙa, ana zaɓen kaya ana biya ta Paystack ko Flutterwave, ko makarantar da ɗalibai dubu za su afka wa shafinta rana guda don duba sakamako. Amma ikon nan yana tafe da taklifi, gama in ba an biya ƙarin kuɗi kamfanin ya karɓi kulawar ba, to, toshe kafofin ɓarayi da sabunta manhajar Linux da tashi tsakar dare idan na'ura ta tsaya duk sun koma wuyan mai haya. Wanda ba shi da ma'aikaci masani da zai iya kira ko ranar Salla, VPS marar mai kula ya fi masa haɗari bisa ga masaukin haɗaka. Hayar saba sukutum kuwa, wadda ba a tarayya da kowa a cikinta, sha'anin bankuna ne da manyan hukumomi, ba sai mun tsaya a kanta ba.

Saura abin da ake kira girgije, wanda Amazon ya buɗe kasuwarsa a 2006, Google da Microsoft suka biyo baya. A nan shafi ba ya dogara ga na'ura guda, ana ƙara masa ƙarfi idan baƙi sun yi yawa, a rage idan sun ragu, a kuma caje shi gwargwadon abin da ya ci. Hikima ce babba, amma malamanmu na fiƙihu sun sharɗanta wa ijara sanannen lada da sanannen ajali saboda gudun garari, kuma ɗan kasuwa zai ga amfanin wannan sharaɗi ranar da lissafin wata ya zo masa da dala, ya ninka abin da ya zata. Kowa ya tuna cewa kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, amma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga shi kuma an yi wani zamani da bankuna suka hana biyan kuɗin waje da katin naira. Kamfanonin gida irin su Whogohost da QServers suna karɓar naira, suna faɗin kuɗin shekara tun farko, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda jarinsa ke juyawa daga kaka zuwa kaka.

Sai dai biya da naira ba ya nufin sabar tana cikin Nijeriya, domin wasu kamfanonin gida su ma haya suke yi a Turai ko Amurka, don haka ya kamata a tambaya. Muhimmancin tambayar ya bayyana ranar 14 ga Maris 2024, sa'ad da wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni ƙwarai a ƙasashe da dama, har aikin wasu bankuna ya tsaya. Wanda masu sayensa ke Kano da Dutse da Haɗeja, sabar da ke cikin ƙasa, mai haɗe da cibiyar musayar intanet ta IXPN wadda ke da reshe a Kano, ta fi masa sauri da aminci. Wanda kuwa idonsa ke kan Meksiko da Japan, zaman shafinsa a Turai ba zai cuce shi ba.

Akwai abubuwa biyu da na fi so mai karatu ya riƙe fiye da dukan abin da ya gabata, domin a kansu ne aka fi yin kuka. Na farko sunan shafin, wanda dabam yake da masauki, ana kuma sabunta rajistarsa kowace shekara. Sunaye masu ƙarewa da .ng suna ƙarƙashin ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005. Wajibi ne a yi rajistar sunan shafin da sunan mai dukiya da imel ɗinsa da lambar wayarsa, kalmar sirri kuma ta zauna a hannunsa, gama sau da yawa mai zana shafi yakan yi rajista da sunan kansa ba da mugun nufi ba, sa'an nan ya tafi hidimar ƙasa ko ya canja waya, ajali ya cika ba wanda ya sani, sunan da aka buga a kan buhu da takardun kamfani ya faɗa hannun wani. Na biyu kwafin ajiya. A watan Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma waɗanda kwafinsu ke cikin ginin da ya ƙone sun rasa shafukansu har abada. A tambayi kamfani sau nawa yake ɗaukar kwafi da inda yake ajiye shi, kana mai shafi ya riƙa sauke nasa a kan kwamfutarsa ko da sau ɗaya a wata.

Kafin a biya, a duba alkawarin da suka yi na tsayuwar shafi, a kuma yi masa hisabi: kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin kusan awa tara na ɗaukewa a shekara, kashi 99 kuwa ya haura kwana uku da rabi. A tambayi kuɗin shekara ta biyu, domin rangwamen shekarar farko ba ya dawwama, a tabbata kuma takardar tsaro mai sa ɗan kwaɗo ya bayyana a gefen adireshi a wasu manhajojin shiga intanet tana cikin kuɗin, tunda Let's Encrypt kyauta yake bayar da ita. Sa'an nan a aika musu da tambaya da daddare ko ranar Lahadi, a ga tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su amsa, da irin amsar. Idan Allah ya buɗa kasuwa har shafi ya fara nauyi a lokacin kaka, ko kamfanin ya fara aiko da gargaɗin cewa an wuce rabo, lokacin ƙaura zuwa VPS ya yi, kuma ga wanda sunan shafinsa da kwafinsa ke hannunsa, aikin kwana ɗaya ne ko biyu.