Yadda A Ke Auna Ƙarfin Sanƙarau a Jega da Aliero da Maiyama

Jama'a, kowace shekara idan hunturu ya ja jiki, bazara ta kawo kai, sai hankalin ma'aikatan lafiya na Jihar Kebbi ya koma kan sanƙarau. Ba banza ba kuwa. A 1996 cutar nan ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2015 wani irinta mai suna C ya ɓarke a Aliero da kewaye, ga shi allurar da aka fara yi a 2011 ta irin A ce kaɗai.

To, yaya likitoci su ke sanin cuta ta zama annoba? Mu kan ji an ce mutum kaza sun kamu a gari kaza, sai mu ɗauka inda aka fi yawan majiyyata nan cuta ta fi ƙarfi. Ba haka ba ne. Sai an gwada yawan waɗanda suka kamu da yawan mutanen ƙasar.

Ga yadda a ke lissafin. A kan ƙidaya sababbin kamu na mako guda, ban da waɗanda su ke kwance tun makon jiya. Sa'an nan a raba su da jimlar mutanen ƙasar, a ninka abin da ya fito sau 100,000. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka biyu. Idan lissafi ya kai 3 a mako, a shiga shiri. Idan ya kai 10, annoba ce, sai a gaggauta allurar rigakafi.

Bari mu buga misali. A ƙidayar 2006 Aliero tana da mutum wajen 66,000, Maiyama wajen 175,000, Jega kuwa wajen 193,000. A ce mutum 10 sun kamu a kowacce cikin mako ɗaya. Lissafin Jega zai ba da 5, na Maiyama kusan 6, amma na Aliero 15. Watau Aliero ta riga ta faɗa annoba, alhali maƙwabtanta suna matakin shiri.

Haka kuma a ke auna mace-mace. A watan Maris na 2025 Gwamnatin Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26, cikinsu har da 6 a Jega da 4 a Aliero. A ido Jega ta fi hasara. Amma bisa ƙidayar nan, cikin kowane mutum 100,000 Jega ta rasa 3, Aliero ta rasa 6.

Sai dai lissafin yana da tarko biyu. Na farko, tun 2006 ba a sake ƙidayar jama'a ba, mutane kuwa sun ƙaru ƙwarai, ga ɗaliban jami'ar Aliero, ga baƙin kasuwar Jega. Saboda haka ƙiyasi a ke yi. Kuma ƙasa mai yawan jama'a kamar Maiyama, dole a karkasa ta, don kada gundumar da cuta ta addaba ta ɓace cikin taro.

Na biyu shi ne wanda ya shafe mu duka. Majiyyacin da aka ɓoye a ɗaki ba ya shiga littafin asibiti. In mutum 10 suka kamu a Aliero aka kai 4 kaɗai, lissafi zai nuna 6 maimakon 15, allura ta makara, cuta ta yi ta cin ƙauye.

Don haka mu ke roƙon hakimai da dagatai da limamai da masu gida: duk wanda aka gani da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, a kai shi asibiti ran nan. An ceci ransa, an kuma taimaki garinsu. Allah ya kiyashe mu, amin.