Wurin shaƙatawa a bakin baraji: a fara shata mashayar bisashe

Ruwan Majiya da aka tare a barajin Mozage da na Zongo shi ke ciyar da filin noman rani na Birnin Ƙonni, mai faɗin sama da hekta 2,400, wanda hukumar ONAHA ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. A gundumar Malbaza kuma barajin Galmi ne ke shayar da gonakin albasar da ta yi suna har ƙasashen waje. Amma ba manoma kaɗai ke dogaro da wannan ruwa ba. Idan rani ya tsananta, ƙananan tabkuna suka ƙafe daga Illela zuwa Ƙonni, nan ne garke ke sauka.

Inda ruwa yake, jama'a na zuwa shan iska, musamman ranakun salla. Daga nan sai a fara tunanin rumfuna, wurin cin abinci da katanga. A jihar Kano an yi haka: an gina otal a Tiga, an gina wani a Bagauda. Ni ba na adawa da wurin shaƙatawa, domin yana kawo sana'a, har mai nono da mai tsire su samu ciniki. Abin da nake dubawa a matsayina na mai aikin lafiyar bisashe shi ne abin da zai bari a bakin ruwa.

Na farko, leda. Saniya ko akuya mai yunwa takan haɗiye ledar da ke da ƙanshin abinci ko gishiri. Leda ba ta narkewa. Tana dunƙulewa a tumbi, dabbar ta riƙa ramewa alhali cikinta a kumbure. Allura ba ta fitar da ita, sai tiyata ko wuƙa. Nijar ta kafa dokar hana irin wannan leda tun 2014, amma kowa na ganin yadda take rataye a kan ƙaya.

Na biyu, bayan gida. Idan taro ya yi yawa babu makewayi, ciyawar bakin ruwa ce ke ɗauka. Ƙwan tsutsar cikin mutum yana bin ciyawa ya shiga saniya, ya zama ƙananan ƙulli a cikin nama. Dabbar ba za ta nuna alama ba sai a mahauta, inda mai duba nama zai iya hana sayar da shi. Mai tsargiya kuma idan ya yi fitsari a ruwa, cutar na bi ta katantanwa ta kama yaran da ke shayar da garke.

Na uku, wanda na fi tsoro, shi ne wuri. Mai gina wurin shaƙatawa gaɓa mai tauri da tsabta yake so, ita ce kuma makiyayi yake so. Idan aka katange ta, garke zai koma wajen laka da ciyayi, inda katantanwar da ke ɗauke da tsutsar hanta take zama. Cunkoso a mashaya ɗaya yana sauƙaƙa yaɗuwar ciwon huhu, kofato kuma na farfasa gaɓa, ƙasa ta zube ta ƙara cike barajin da yashi ya riga ya dame shi.

Doka tana tare da mu. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin kai dabbobinsu ga ruwan da yake na jama'a, ta kuma hana toshe burtali. Sai dai burtalin da ba a rubuta ba, ba a kafa masa alama ba, yana da wuyar karewa ranar da aka zo da bulo da siminti.

Don haka shawarata ga ƙungiyoyinmu: kada mu jira a fara gini. Mu je wurin kwamitin filaye na COFO da magajin gari, mu nemi a shata mashaya da burtalinta a takarda. Duk mai neman izinin gini a sa masa sharaɗi: makewayi nesa da ruwa, wurin tara shara, da hana wankin babur da mota a gaɓa. Mu kuma mu ba garke maganin tsutsar hanta bisa shawarar likitan dabbobi, mu kai rahoto da zarar mun ga dabba na ramewa ba dalili.